Tumatir Ɗaya a Kan Awo

Tun da na dawo daga Gabas abokan aikina a makaranta ba su bar ni na huta ba. Da an tashi tara an zauna gindin darbejiya, sai wani ya ce, "Alhaji Tica, a ba mu labarin Jidda mana." Ni kuwa sai in ba su na teku, da na dogayen motoci, da na kantin da sanyi ke fitowa daga bango. Su yi ta dariya suna cewa na more. Na gaji da wannan morewar da ake liƙa mini, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda tafiyar ta kasance tun daga farko, har da wurin da nake tsallakewa kullum, wato abin da na jawo wa yayana Ɗanjuma.

Mu 'ya'yan lambu ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, noman rani yake yi a bakin Galma, Inna kuma tana kasa tumatir da albasa a ƙofar gidanmu cikin birnin Zariya. Ina ɗan shekara shida Yaya Ɗanjuma ya bi wani kawunmu hanyar Makka a ƙasa. Kawu ya rasu a Sudan, Yaya ya yi shekaru yana tsintar auduga a can, daga baya ya haye Jidda, ya yi aure, ya haihu. Sau ɗaya a shekara muke samun wasiƙarsa ta hannun alhazai. A cikin wasiƙun ne muka ji yana aiki a wani babban kanti, kuma mai kantin shi ne kafilinsa, wato mutumin da ke sa hannu a takardar zamansa, wadda suke kira iƙama. In kafili ya sa hannu ka zauna da iyalinka lafiya. In ya janye hannunsa, ka zama abin farautar 'yan sanda ko da gashinka a can ya yi furfura. Zaman yayana gaba ɗaya a kan hannun mutum guda yake, ni kuwa a lokacin karanta wa Inna kawai nake yi ina wucewa.

Shekarar da na samu izinin barin aiki na 'yan watanni, Inna ta ƙulla mini daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a tsumma uku. Ta ce, "Ka je ka sauke farali, kuma ka gano mini shi da idonka. Ni ban yarda da takarda ba, kowa lafiya yake a cikinta."

Jirgin sama ya fi ƙarfin malamin firamare, saboda haka na bi ta ƙasa. Sai in faɗa muku wani hali nawa tun yanzu, don shi ya kai ni ya baro. A lokacin ina ji da Turancina ƙwarai. Bature ɗan Ingila ne ya koyar da mu a kwalejin horon malamai, har nakan zauna gaban rediyo ina gyara wa mai karanta labarai. Na ɗauka duk duniya in na buɗe baki hanya za ta buɗe.

Tun a Fallomi, wadda yanzu aka mayar Injamena, aka fara sauke mini wannan girman kan. Muna tsallake kogi wani jandarma ya tare mu, na gyara tsayuwa na zuba masa Turanci mai kyau. Ya dube ni sama da ƙasa, ya zuba mini Faransanci, ya nuna mini benci. Na yi zaman awa biyu a rana. Wanda ya fisshe ni wani tsohon ɗan goro ne da muka shigo mota ɗaya tun daga Maiduguri, Baba Mati, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ya je ya yi wa jandarman Larabcin Shuwa, ya miƙa masa goro biyu farare, sai ga ni an sallame ni har da sara mini.

Daga nan zuwa Abeshe wahala ce zalla. Motar kaya ce, mu wajen talatin a kan buhunan sukari. Ta karye a wani daji muka kwana huɗu muna dama garin gero da ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa. A kwana na uku wani dattijo daga Haɗeja ya rasu. Tun daga iyaka yake tari, ba ya damun kowa, kullum yana rungume da likkafaninsa da ya ce zai wanke da zamzam. A cikinsa muka sa shi, likkafanin bai ga zamzam ba, muka binne shi gindin wata aduwa. Direba na ta duba agogo.

A iyakar Sudan na ji daɗi, don na samu jami'in da ke jin Turanci. Ya miƙo hannu ya ce, "Basbort." Na ce a raina, Allah sarki, bawan Allah bai iya faɗa ba. Na miƙa masa na ce, "Hiya is mai fasfot, sa." Sai mutumin nan ya fashe da dariya, ya kira abokin aikinsa, ya ce in sake faɗa ya ji. Na sake, suka yi ta ƙyaƙyatawa. Da muka fito ina ta huci, Baba Mati ya ce, "Malam, kai ka ce fa, shi ya ce ba. Ni da nake gefe ban ji wanda ya yi kama da Bature a cikinku ba." Ban yi masa magana ba har muka isa Niyala.

Daga Niyala jirgin ƙasa ne, mai tafiya kamar ba ya so, mutane har kan rufinsa. Abinci kuwa wake ne da suke kira ful, da wata 'yar siririyar waina mai tsami, kisra, safe da rana da yamma. A Bur Sudan muka sauka a gidan wani Bahaushe haifaffen can, wanda kakansa ya taso daga Sakkwato da niyyar Makka bai ƙarasa ba. Ya ba mu gadon igiya a tsakar gida. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗi, irin ta kakanni, sai dai kowace magana da "kwayyis", wato da kyau, yake rufe ta. Ya tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar wani ƙauye da ni ban taɓa jin sunansa ba. Na ce ana ci, don na ga yana so a ci. A nan muka rabu da Baba Mati, shi yana da sauran harka a garin.

Jirgin ruwa ba ni da labarinsa, don a kwance na yi shi ina amai. A tashar Jidda wani ma'aikaci ya kwance ƙullin daddawar Inna, ya kai hanci, ya ja da baya yana neman tsari. Ya tara mutum uku a kaina. Na yi bayani da Turanci, na ce wake ne, na ce magani ne, na ce abin miya ne. Ana cikin haka wani baƙin mutum mai farar jallabiya ya matso ya yi musu magana da Larabci, suka ture mini kayana. Na juya zan yi godiya, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Sabo ne? Wallahi kunnen Baba ne a kanka." Haka na ga yayana bayan shekara ashirin da bakwai. Ban gane shi ba, kuma na ji kunyar hakan.

Gidansa a Sharafiyya yake, ɗaki biyu a saman shagon masu faci. Matarsa Sa'adiyya 'yar Hausawan Sudan ce, mace mai tsabta, marar yawan magana. 'Ya'yansu uku, babbar ita ce Najat, 'yar shekara goma sha biyu. Suna jin Hausa sarai, amma in ka yi musu magana da Larabci suke amsawa. Ni Ammu suke kirana, wato baffa. Ranar da na sauka Sa'adiyya ta yi miyar kuka da daddawar Inna. Yaran suka toshe hanci suka gudu wajen burodinsu. Yaya ya ci malmala biyu, hawaye na bin gemunsa, ni kuma na yi kamar ban gani ba.

Aikin Hajji na yi shi, Allah ya karɓa, ba shi ne labarin yau ba. Bayan mun sauko, ina jiran jirgin komawa, Yaya ya ce in zo in ga wurin aikinsa.

Kanti ne na Turawa da manyan Larabawa. Kana shiga sanyi zai dake ka. Ba mai yi maka sannu da zuwa, ba mai cewa me za a kawo. Ka ɗauki wani kwandon ƙarfe mai ƙafa ka yi ta turawa kana ɗiban abin da kake so. Da muka isa wajen kayan miya sai na tsaya. Tumatir huɗu huɗu kwance a farantin kwali, an ja musu leda mai sheƙi an lulluɓe, an manna 'yar takarda mai nauyi da farashi. Haka kuɓewa, haka karas, haka tattasai. Ba a taɓawa, ba a shinshinawa, ba a tayi. Ni da na tashi ina ganin mata suna latsa tumatirin Inna suna kushe shi kafin su saya, sai abin ya ba ni tausayi, ban san ko na kayan ba ko na masu sayen.

Wurin Yaya wani ɗan ɗaki ne a baya. Da asuba ake kawo kwanduna daga kasuwar gwari, ya wanke, ya zaɓi masu kai ɗaya, ya ture masu karkata gefe, ya auna a sikeli, ya ja leda, ya danna gindin farantin a kan wani ƙarfe mai zafi ledar ta kama. Shekara tara yana wannan. Yatsunsa duk tabon ƙuna ne. Shi aiki shugul yake ce masa. Ya ce mini, "Shugul ne mai kyau, Sabo, alhamdu lillah. Ba rana, ba 'yan sanda. Wata mai zuwa kafili zai sabunta mini iƙama, halas, shi ke nan, sai kuma baɗi."

Kwana biyu bayan nan zazzaɓin da ke bin alhazai ya kwantar da shi, har ba ya iya tsayuwa a salla. Hankalin gidan ya tashi, ba don ciwon kaɗai ba. Manajan kantin, wanda suke kira mudir, wani ɗan Sham ne mai gajeren haƙuri, kuma ya sha faɗa cewa duk wanda ya yi mako bai zo ba, akwai goma a bakin ƙofa. Ga iƙama saura sati biyar. Sai na ce ni zan riƙe masa wurin har ya tashi. Me ke cikin naɗe tumatir? Mudir ya gwada ni da Turanci, ya ga ina iya rubuta takardun da kaina, abin da Yaya sai an rubuta masa. Ya ce to, amma in tsaya a baya, don ba ni da izinin aiki.

Da zan fita ranar farko Yaya ya kira ni daga kwance. Ya ce, "Sabo, isma', saurara. Allurar sikelin nan ita ce mudir ɗinka. Inda ta tsaya, nan za ka tsaya. Ba ragi, ba ƙari." Na ce, "Haba Yaya, ni fa nake koyar da lissafi a aji shida." Ragin na ji da kyau, don na san tauye mudu zunubi ne. Ƙarin kuwa ta bayan kunnena ya wuce.

Wahalar farko da na sha ta sunaye ce. Akwai wani babban yalo baƙi mai sheƙi, na rubuta masa sunan da muka sani a gida, gadin eg. Ɗan Indiyan da ke karɓar kuɗi ya zo da farantin a hannu ya ce wannan birinjal ne. Kafin azahar wata Baturiyar Ingila ta leƙo tana neman obajin, na ce ba mu da shi, ashe shi ne a gabana tuli. Da yamma wata 'yar Amurka ta ɗaga shi ta ce egfilant. Abu ɗaya, suna huɗu, kuma kowa na rantsuwa nasa ne Turanci. Kuɓewa da na rubuta wa okro, ɗan Indiya ya ce a wurinsu ledis finga ce, wai yatsun mata. Wata 'yar kabewa doguwa, 'yan Ingila su ce kojet, 'yan Amurka su ce zukini. Gyaɗa ma ba ta tsira ba. Tumatir kansa da na ɗauka ba gardama a kansa, Baturiyar Ingila ta ce tumato da baki a buɗe, ta Amurka ta ce tumeiro kamar tana tauna cingam. Har ruwa, wota ɗin da na koya wa yara shekara goma, a bakin 'yan Amurka wara ne. Wata ta tambaye ni wani abu sau uku ban gane ba, ta juya ta ce wa ƙawarta ba na jin Turanci. Wannan kam na ji shi sarai, kuma ya yi mini ciwo har cikin ƙashi.

Sai na samo dabara. Na yanka kwali, kowane kaya na jera masa sunayensa duka, na kafa a gaban kanta. Tambaya ta ragu. Mudir ya zo ya duba, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ustaz, kwayyis." Na koma gida ina ba Yaya labari kaina kamar zai taɓa rufi. Ya yi murmushi ya ce Allah ya yi mini albarka.

A kwana na huɗu ina jera faranti sai na ji an ce, "Sannu da aiki." Na waiga, wata tsohuwar Baturiya ce. Ashe mijinta ya yi aikin jirgin ƙasa a Kaduna shekaru da yawa, ta gane ni da hulata. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi ruwa. Ta ɗauki farantin tumatir ɗaya za ta tafi, sai na ji ba zan iya barinta ta tafi haka ba. A ƙofar gidanmu ba a taɓa yi ba. Duk wanda ya sayi kashi a wurin Inna, ko sun yi awa suna ja-in-ja, in ta zuba masa sai ta ɗora ɗaya ko biyu a kai, gyara ke nan. Takan ce in mutum ya tafi ba gyara, ji take kamar da faɗa suka rabu. Na karɓi farantin na shiga baya, na ɓare ledar, na ƙara guda biyu, na sake naɗewa da takardarsa ta dā. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Gyara?" Wallahi da bakinta ta faɗa. Ta ce rabonta da jin daɗin sayayya irin wannan tun Kaduna.

Daga ranar na ɗauki hanya. In na auna, allura ta tsaya, na rubuta takarda, sai in ɗora ɗaya kafin in ja leda. Tumatir ɗaya, karas ɗaya, kuɓewa biyu. Ba ɓoyewa nake yi ba, ban dai ga abin faɗa ba ne. A ganina alheri nake yi wa mai kantin, ina sa wa cinikinsa albarkar da ba shi da ita. Har ina jin daɗi a raina cewa na koya wa kantin Turawa mutunci. Akwai kuma wani direba Bahaushe da ke zuwa yi wa gidan maigidansa cefane. In ya zo nakan fito mu gaisa da ƙarfi, in ce ya jira in kawo masa sababbin naɗi daga ciki. Duk wannan mudir yana ganinmu.

Ranar da abin ya fashe, Yaya ya fara samun sauƙi har ya sha kunu da kansa, muna cewa jibi zai koma aiki. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata 'yar Amurka ta shigo da farantin karas a hannu. Ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce wa mudir ita takan auna komai a gida kafin ta dafa, kuma sau uku ke nan tana samun kayanmu sun fi abin da aka rubuta. Ta ce a duba sikelin, kada kanti ya yi ta cutar kansa. Ya yi mata godiya har bakin ƙofa. Sannan ya dawo ya sa aka kwaso duk farantan da ke kan kanta, ya tsaya yana ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Ko wanne ya ɗora sai allura ta wuce.

Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?"

Na ce ba wanda ya koya mini, al'adarmu ce. Na shiga bayani. Ni da na jera wa yalo suna huɗu, na nemi sunan gyara a Turanci na rasa. Na ce dash, yadda muke faɗa a gida, bai san shi ba. Na ce kyauta ce ake yi wa mai saye don ya ji daɗi ya dawo. Ya ce, "Kyauta? Daga kantin ubanka?" Sannan ya faɗi abin da ya fi wannan muni. Ya ce shi ya san wannan dabarar tun a ƙasarsu: na ciki ya cika leda fiye da awo, na waje ya zo ya saya, su raba. Ya ce ya ga direban da nake kai wa kaya daga ciki. Ya ce baƙon sati biyu ba zai ƙirƙiro wannan shi kaɗai ba, wa ya san shekara nawa Juma'a yana yi. Juma'a shi ne Yaya, haka suke kiransa. Na rantse, na sake rantsewa, na ce a kawo Alƙur'ani. Ya ce, "Halas. Yalla, fita."

Na fi awa ina zagaya Sharafiyya cikin rana kafin na iya hawa matakalar gidan. Da na faɗa, Sa'adiyya ta saki ludayin da ke hannunta. Yaya ya dube ni, ya ce, "Gyara ka yi musu?" Na ce e. Ya ce, "La haula." Ya tashi yana dafa bango ya sa jallabiyarsa, ya ce in zo mu je gidan kafili.

A Aziziyya gidan yake. Muka zauna a bakin ƙofa daga azahar har la'asar, Yaya yana rawar sanyi cikin wannan zafin. Da motar kafilin ta fito ya tsaya, ya sauke gilashi. Dattijo ne mai taushin murya. Yaya ya kama hannunsa da hannu biyu yana magana da Larabci, na ji yana ambaton shekara tara, yana ambaton yara. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙantar da kansa haka ba, kuma ni na ja masa. Daga baya ya fassara mini amsar. Kafilin ya ce shi bai ce Juma'a ɓarawo ne ba, Allah ne masani. Amma an shigar masa da mutum marar izini cikin kanti, an yi rabo da kayansa, kuma ba zai ƙaryata mudir ɗinsa ba. Ya ce Yaya ya nemi wani kafilin, shi ba zai hana ba, amma hannunsa ba zai sake hawa takardar ba. Gilashi ya hau, mota ta wuce.

Sati uku muka yi muna yawon neman wanda zai karɓe shi. Masu kantuna duk sun san juna, labari ya riga mu isa ko'ina: mutumin da aka kora a kan sikeli. Na koma kantin sau biyu ni kaɗai, mai gadi ya hana ni shiga. Na rubuta wa kafilin wasiƙa shafi uku da mafi kyawun Turancin da na iya, ban san ko an karanta ba. A gida Sa'adiyya ba ta fasa ajiye mini abinci ba, amma ta daina haɗa ido da ni. Wata rana ina alwala Najat ta tsaya a kaina, ta haɗa Hausar da ba ta taɓa yi mini ba, ta ce, "Ammu, kai ne ka karya shugul na Baba?" Na ce ni ne. Ta gyaɗa kai ta tafi. Da Yaya ya zage ni ko ya mare ni da na samu sauƙi, amma ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya ba.

Ranar da jirginmu zai tashi iƙamarsa ta riga ta mutu da kwana biyu. Bai iya raka ni tasha ba, don a can ake duba takardu. A kasuwar Bab Makka, cikin Jidda, na same shi, a bakin hanya tsakanin masu atamfa da masu abinci, ya shimfiɗa buhu ya kasa kuɓewa da tattasai. Ya ƙulla igiya a kusurwa huɗu na buhun yadda in an ce ga 'yan sanda zai fizga ya ruga. Muna magana idonsa na kan titi. Na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya ce, "Ma'alesh, ba komai, Sabo, rubutacce ne. Ka gaida Inna. Ka ce mata ina lafiya." Na tafi ina waiwaye, shi bai samu damar waiwayena ba.

Na dawo ta hanyar da na bi, ba abin da na gani a cikinta. Na ce wa Inna yana lafiya, ya yi ƙiba, yaransa kyawawa. Na rubuta masa wasiƙa huɗu ba amsa.

Wata bakwai bayan nan, ranar wata Asabar, wani direban motar Kano ya yi sallama a ƙofar gida ya ce akwai mutum a tasha yana cigiyar Malam Sabo ɗan mai tumatir. Na hau keke na tafi. Yana zaune a kan benci, jallabiyar ta yi dauɗa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ba shi da kaya sai 'yar jakar hannu. An kama shi a bakin kasuwa, ya yi sati shida a tsare, aka sa shi a jirgi zuwa Kano. Bai samu ya yi sallama da kowa ba. Sa'adiyya da yaran suna can gidan wanta, ta wani ɗan gyaran takalmi ya aika musu cewa an tafi da shi.

Na ɗauki jakar na ɗaure a bayan keke, aka ɗora keken a mota muka shiga zuwa Ƙofar Doka, daga nan muka taka. Ina tura keke ina binsa a baya, don ban ga fuskar da zan jera da shi ba. Muka shiga birni, ya yi ta tafiya yana kallon gidaje. Da muka kai inda lungu ya rabu uku sai ya tsaya. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya daɗe. Na buɗe baki zan sake ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Bari wannan, Sabo. Wuce gaba. Ni ban san hanyar gidan ba."